Tasowar Ƙungiyar Fairport Convention da Farfaɗowar Waƙoƙin Gargajiya na Ingila

1. Gabatarwa

Masu tattara waƙoƙin baka a ko wace ƙasa suna da wata damuwa guda wadda ba ta rabuwa da su. Mutum zai sha wahalar tafiya ƙauye, ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa, ya rubuta waƙa baiti baiti, ya kawo ta birni a buga a littafi, a jera a laburare. Bayan shekara hamsin sai a tarar littafin yana nan lafiya lau, amma babu sauran mai rera abin da ke cikinsa. Ingila ta riga ƙasashe da yawa faɗawa cikin wannan hali, saboda haka abin da ya faru a can ya isa a tsaya a duba shi da kyau.

Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Landan mai suna Fairport Convention, tun daga kafuwarta a 1967 har zuwa lokacin da ta tsaya da ƙafafunta. Ita ce a ke danganta wa kafa salon da ya gama tsofaffin waƙoƙin ƙauyukan Birtaniya da kiɗan samari na jitar lantarki da ganguna, wanda Turawa ke kira rok. A nan za a riƙa kiran wannan salo rok na gargajiya. Abin da za a nuna shi ne, wahalar masu tattarawa ba ta biya sosai ba sai da aka sami masu rerawa waɗanda suka ɗauki waƙoƙin tamkar nasu, suka juya su yadda ya dace da kunnen zamaninsu. Su kuwa waɗannan masu rerawa ba su sami sukunin yin haka ba sai a hannun ƙananan masu buga faifai da ke zaman kansu.

2. Gadon da aka tarar

A ƙarshen ƙarni na 19 wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Francis James Child, ya tattara waƙoƙin labari na Ingila da Sikotland guda 305, aka buga su kashi kashi daga 1882 zuwa 1898. Child mutumin littattafai ne. Daga tsofaffin rubuce-rubuce da bugaggun takardu ya samo mafi yawan abin da ya tara, kuma kalmomi ya fi kula da su bisa karin da a ke rera su da shi. Har wa yau da lambobin da ya ba su a ke kiran waɗannan waƙoƙi.

Wanda ya fita ya shiga ƙauyuka kuwa shi ne Cecil Sharp, malamin kiɗa. A cikin watan Agusta 1903, a ƙauyen Hambridge na lardin Somerset, ya ji wani mai aikin lambu, John England, yana rera wata tsohuwar waƙa, ya ɗauko takarda ya rubuta ta. Daga ranar nan har mutuwarsa a 1924 ya tara kari kusan 5,000, waɗansu a Ingila, waɗansu a duwatsun Appalachia na Amurka, inda ya yi yawo tare da Maud Karpeles tsakanin 1916 da 1918 wurin jikokin mutanen da suka ƙaura can daga Birtaniya. A 1930 aka buɗe wani gida a Landan domin tunawa da shi, Cecil Sharp House, wanda ya zama mazaunin babban laburaren waƙoƙi da raye-rayen gargajiya na Ingila.

Sharp ya gaskata cewa makaranta ce za ta mai da waƙoƙin ga jama'a. A 1906 shi da Sabine Baring-Gould suka buga littafin waƙoƙin gargajiya domin makarantu, a 1919 kuma hukumar ilmi ta naɗa shi mai duba yadda a ke koyar da waƙa da rawar gargajiya a kwalejojin horon malamai. Amma fa kafin waƙa ta shiga aji sai an yi mata wanka. A kan cire ko a sauya baitin da ya taɓo sha'anin maza da mata, a daidaita karin don ya hau piyano, sa'an nan a sa aji guda ya rera da murya ɗaya. Ta haka yara da yawa suka tashi suna ganin waƙar gargajiya darasi ce kamar lissafi, suna barinta ran da suka bar makaranta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sāke wani yunƙuri, wanda Ewan MacColl da A. L. Lloyd suka yi wa jagora. Su sun fi mai da hankali ga waƙoƙin ma'aikata, irin su matuƙan jirgin ruwa da masu haƙar kwal. Aka yi ta buɗe kulob-kulob na waƙa a ɗakunan saman gidajen shaƙatawa, wani ƙaramin kamfani kuma, Topic Records, wanda ya samo asali a 1939 daga wata ƙungiyar kiɗa ta ma'aikata, ya riƙa buga musu faifai. Kulob ɗin MacColl ya kafa doka cewa ko wane mawaƙi ya rera abin da ya fito daga harshensa da ƙasarsa. Dokar ta yi amfani, gama ta tilasta wa samarin Ingila su koma neman nasu. Sai dai ta zo da tsanani, har ya zamana a kulob da yawa jitar lantarki da ganga abin ƙyama ne.

3. Iskar Amurka da kasuwar faifai

A Amurka aka fara karya wannan shinge. A 1965 ƙungiyar The Byrds ta ɗauki waƙar Bob Dylan mai suna Mr. Tambourine Man ta ɗora ta a kan jitar lantarki, faifan ya zo na ɗaya a ciniki a Amurka da Birtaniya duka. A watan Yuli na shekarar nan Dylan da kansa ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jitar lantarki, waɗansu 'yan kallo suka yi masa ihu. Da ya zo Manchester a watan Mayu 1966 har wani ya tashi ya kira shi maci amana. To, amma abin lura shi ne, abin da aka kira rok na gargajiya a Amurka galibi sababbin waƙoƙi ne na marubuta masu rai. Tsofaffin waƙoƙin da Child da Sharp suka tara suna nan inda aka bar su.

A Birtaniya kuwa, a farkon shekarun 1960 kamfanoni huɗu ne suka riƙe kusan dukan cinikin faifai, watau EMI, da Decca, da Pye, da Philips. Su ke da ɗakunan ɗaukar murya, da injunan bugawa, da hanyoyin rarrabawa. Abin da su ke nema shi ne ƙaramin faifai mai waƙa ta kamar minti 3, wadda za ta shiga jerin fayafayan da aka fi saye a mako, kuma ma'aikacin kamfani shi ke da ta cewa game da abin da za a ɗauka. Ƙungiyar da ba ta kawo riba da wuri ba, ba a jiranta.

Mutum uku suka buɗe wata ƙofa dabam. Na fari Chris Blackwell, wanda ya kafa Island Records a Jamaika a 1959, ya dawo da shi Landan a 1962, ya fara da ɗaukar fayafayan Jamaika a motarsa yana kai wa kantunan unguwannin baƙi. Wajen 1967 ya juya ga ƙungiyoyin rok masu son yin babban faifai. Na biyu Joe Boyd, Ba'amurke, wanda yana cikin masu kula da dandali a Newport daren da aka yi wa Dylan ihu. Da ya zo Landan ya haɗa kai da John Hopkins suka buɗe kulob ɗin UFO a watan Disamba 1966, sa'an nan ya kafa nasa ƙaramin kamfani, Witchseason, wanda aikinsa shi ne ya riƙe makaɗa, ya ɗauki muryarsu, ya nemi wanda zai buga ya rarraba. Na uku John Peel, wanda ya samu shiri a sabuwar tashar BBC da aka buɗe a watan Satumba 1967, ya riƙa gayyatar ƙungiyoyin da ba su yi suna ba su zo su yi kiɗa ƙasa duka ta ji.

4. Samarin arewacin Landan

Waɗanda suka kafa Fairport Convention ba 'ya'yan manoma ba ne, ba su kuma gaji waƙa ba. 'Yan birni ne na unguwannin arewacin Landan. Ashley Hutchings, mai kaɗa jita mai kaurin murya, shi ne babbansu, yana da shekara 22. Richard Thompson yana da 18, Simon Nicol kuwa 16, dukansu biyu makaɗan jita. Suna yin gwaji a wani gida da ke kusa da Muswell Hill mai suna Fairport, inda mahaifin Nicol, wanda likita ne, ya ke duba marasa lafiya, daga nan suka samo sunan ƙungiyar. Sun fara fitowa gaban jama'a ran 27 ga Mayu 1967 a zauren wani coci a Golders Green. Wani saurayi daga cikin 'yan kallo, Martin Lamble, ya ce zai fi mai gangarsu iyawa, aka gwada shi, aka ɗauke shi. Judy Dyble ce mawaƙiyarsu ta fari, daga baya Ian Matthews ya shigo suka zama murya biyu.

Kafin shekarar ta ƙare suna kiɗa a UFO da Middle Earth, Boyd ya ji kaɗin Thompson, ya ɗauke su. Faifansu na fari ya fito a watan Yuni 1968 ta hannun Polydor. Wanda ya saurare shi ba zai ji ƙanshin ƙauyen Ingila ko kaɗan ba. Waƙoƙin Joni Mitchell da Dylan da makamantansu su ke yi, da irin nasu da suka tsara a kan wannan salo, har 'yan jarida suna kwatanta su da Jefferson Airplane ta San Francisco. Sun iya ƙwarai, amma kayan aro ba ya rufe katara, faifan bai yi kasuwa ba. Da a ce a hannun babban kamfani kaɗai su ke, mai yiwuwa ne labarin ya ƙare a nan. Boyd kuwa sai ya kai su wurin Blackwell.

5. Zuwan Sandy Denny

A watan Mayu 1968 Dyble ta bar ƙungiyar, Sandy Denny ta maye gurbinta. Denny ta fito daga ɗaya ɓangaren ne, watau daga kulob-kulob na gargajiya, inda ta saba tsayawa ita kaɗai da jita, ko ma ba jita, ta rera tsohuwar waƙa. Ita ce gadar da ta haɗa duniyoyin nan biyu. A faifansu na biyu, What We Did on Our Holidays, wanda Island ya fitar a watan Janairu 1969, an sami waƙoƙin gargajiya biyu a tsakanin sababbi. A cikinsa ne kuma waƙar Thompson mai suna Meet on the Ledge ta fito, wadda za a sāke ambata a gaba.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne na faifai na uku, Unhalfbricking. Denny ta kawo wata tsohuwar waƙa, A Sailor's Life, wadda aka rubuta daga bakin wani manomi na lardin Sussex a 1899, labarin yarinyar da ta shiga kwalekwale neman masoyinta matuƙi, ta tarar teku ta cinye shi. Boyd ya gayyato Dave Swarbrick, gwanin gogen Turawa wanda ya riga ya yi suna a fagen gargajiya tare da Martin Carthy, aka sa wa gogensa na'urar ƙara amo. Aka ɗauki waƙar sau ɗaya tak, ta kai fiye da minti 11. Muryar ce ke jan gaba a rabin farko, kiɗan yana binta a hankali kamar motsin ruwa, da labarin ya ƙare sai goge da jita suka shiga amsa wa juna. Babu ma'aikacin babban kamfani da zai yarda da waƙa mai wannan tsawo daga samarin da ba su taɓa kawo riba ba. A ɗakin ɗaukar murya, inda John Wood ke riƙe da injuna, ba wanda ya ce a gajarta.

6. Haɗari, da abin da ya biyo baya

Da asubar 12 ga Mayu 1969 ƙungiyar tana dawowa daga wasa a Birmingham, motarsu ta kauce daga babbar hanyar M1 kusa da Landan ta kife. Martin Lamble ya rasu yana da shekara 19, tare da budurwar Thompson. Sauran suka ji raunuka, Hutchings ya daɗe a asibiti. Unhalfbricking ya fito a watan Yuli, ya kai na 12 a jerin ciniki, ƙaramin faifan da aka ciro daga cikinsa kuma, wata waƙar Dylan da suka juya zuwa Faransanci don raha, ya kai na 21. Watau nasararsu ta fari ta zo ne suna cikin makoki.

Sun yi shawarar watsewa, daga baya suka yanke cewa za su ci gaba, amma ba za su koma ga waƙoƙin da suka saba yi da Lamble ba. Akwai kuma wani dalili. A 1968 wata ƙungiya mai suna The Band ta fitar da faifan Music from Big Pink, wanda ya nutsa cikin tushen kiɗan Amurka har samarin Fairport suka ga ba su da abin da za su ƙara a wannan fage. In za su yi abin da ya kai wannan, sai su haƙa a ƙasarsu.

Boyd ya kama musu hayar wani gida a Farley Chamberlayne, kusa da Winchester, suka tare a can da bazarar 1969. Swarbrick ya shigo ƙungiyar sosai, aka ɗauki Dave Mattacks, wanda ya koyi ganga a ƙungiyoyin gidajen rawa. Hutchings kuwa ya zama ɗalibi, yana zuwa Cecil Sharp House yana tonon littattafai da mujallun masu tattarawa, yana kwatanta ruwayoyin waƙa guda, yana kawo wa 'yan'uwansa. Da tsohuwar zuma a ke magani. Ran 24 ga Satumba 1969 suka gabatar da sabon aikin a Royal Festival Hall, a watan Disamba kuma faifan ya fito da sunan Liege & Lief. Kashi 8 ne a cikinsa, 5 na gargajiya, 3 sababbi waɗanda aka tsara su yi kama da na dā. A cikin marfinsa an buga bayanin waɗansu al'adun ƙauye, tare da ambaton Child da Sharp. Ya kai na 17 a jerin ciniki.

7. Abin da suka yi wa harshe da kari

Ga mai nazarin harshe, abu na fari da zai lura da shi a faifan nan shi ne lafazi. Masanin harshe Peter Trudgill ya nuna a wani bincike da ya buga a 1983 cewa mawaƙan zamani na Birtaniya sun daɗe suna aron lafazin Amurka in za su yi waƙa, kamar furta harafin r bayan wasali a inda mutumin kudancin Ingila ba ya furta shi, da sassauta t tsakanin wasula biyu har ta yi kusa da d. Waƙar da ke maganar barori da iyayengijinsu na tsohuwar Ingila ba ta karɓar wannan lafazi, Denny kuwa ta rera da bakin da ta ke magana da shi. Sunan faifan ma daga tsohon Ingilishi aka ɗauko shi, kalmomi biyu da suka fita daga maganar yau da kullum, ɗaya tana nufin mai biyayya, ɗaya kuma mai yarda da son rai.

Abu na biyu shi ne ba su yi wa labaran wanka ba. Matty Groves, lamba 81 a jerin Child, wadda aka sani tun ƙarni na 17, labari ne na matar wani basarake da ta ja wani saurayi talaka zuwa gida, bara ya kai tsegumi, maigida ya dawo ya kashe saurayin, ya kashe matar don ta ce har yanzu mamacin ta fi so. Tam Lin, lamba 39, wadda aka ambaci sunanta a wani littafin Sikotland na 1549, labarin yarinya ce da ta ƙwato uban ɗan da ke cikinta daga hannun sarauniyar aljanu, ta rungume shi tana riƙe yana rikiɗa zuwa namun daji iri iri har sihirin ya karye. Irin waɗannan ne ba su shiga aji yadda su ke, su ne kuwa suka kama samari.

Abu na uku shi ne kari. Mai rera waƙa ba kiɗa yana da 'yancin jan layi ko gajarta shi bisa ga numfashinsa da ma'anar kalmomi. Ganga kuwa tana son ma'auni tsayayye. A Matty Groves sun zaɓi bugu mai ƙarfi wanda ba ya sauyawa, yana tura labarin gaba. A Reynardine sun saki ma'auni gaba ɗaya, kayan kiɗa suna jiran murya. A Tam Lin kuwa Mattacks ya bi wani ma'auni mai tsalle wanda ba a saba ji a rok ba.

Wajibi ne a faɗi cewa abin da suka rera ba shi ne daidai abin da ke cikin littattafai ba. Sun rage baitoci, sun sauƙaƙa Ingilishin Sikotland na Tam Lin, karin da suka ɗora wa Matty Groves kuwa na wata waƙar duwatsun Appalachia ne. Masu tsanani sun ga wannan ɓarna ce. Amma bincike na baya ya nuna cewa ita kanta Reynardine, yadda ta zo hannunsu ta wajen Lloyd, ta riga ta sha gyara a hannunsa, gama shi ya ƙarfafa ma'anar cewa saurayin cikinta dila ne mai rikiɗa, alhali a tsofaffin takardu mai gudun hukuma ne kawai. Baring-Gould ya gyara don makaranta, Lloyd ya gyara don kulob, Fairport suka gyara don dandali. Babu hannun da waƙar ta bi ta fita yadda ta shiga.

8. Watsewa da tsayawa da kai

Tun kafin faifan ya isa kantuna ƙungiyar ta rabu, kuma a kan wannan batu ne na gado da ƙirƙira. Denny ta ji tsoron kada tsofaffin waƙoƙi su danne nata na kanta, ta fita ta kafa Fotheringay. Hutchings kuwa gani ya ke ba a nutsa cikin gargajiya yadda ya kamata ba, ya fita ya kafa Steeleye Span, daga baya kuma Albion Band. Dave Pegg ya maye gurbinsa. Bayan faifan Full House na 1970 Boyd ya koma Amurka, Thompson ma ya fita a farkon 1971. Duk da haka faifan Angel Delight na 1971 ya kai na 8, matsayin da ba su taɓa wucewa ba. Salon kuwa ya bazu. Steeleye Span ta kai na 5 a 1975 da wata tsohuwar waƙa, a Ailan aka sami Horslips, a lardin Brittany na Faransa kuma Alan Stivell ya bi irin wannan hanya da harshen mutanensa.

Daga tsakiyar shekarun 1970 kasuwa ta juya musu baya. Denny ta dawo a 1974, ta sāke fita bayan faifan 1975, ta rasu a watan Afrilu 1978 tana da shekara 31. Ƙungiyar ta bar Island ta koma Vertigo, reshen wani babban kamfani, ta yi faifai biyu, aka biya ta aka sallame ta tun yarjejeniya ba ta cika ba. Ƙarar lasifika kuma ta lalata wa Swarbrick ji. Ran 4 ga Agusta 1979 suka yi wasan ban kwana a Cropredy, wani ƙauye kusa da Banbury a lardin Oxford.

A nan ne zaman kai na sosai ya fara. A dā ƙaramin kamfani ne ke riƙe da su, shi ma Island daga baya, a 1989, PolyGram ya saye shi. A 1979 kuwa Pegg da matarsa Christine suka kafa nasu, Woodworm Records, don su buga faifan ban kwanan da kansu, suna sayarwa ta gidan waya da wuraren wasa. Daga 1980 aka riƙa taruwa a Cropredy kusan ko wace shekara, taron ya girma har a shekarun da ya fi cika ya kan tara mutum wajen 20,000. Kuɗin taron da na faifai suka isa aka sāke kafa ƙungiyar a 1985. A 2006 masu sauraron tashar BBC ta biyu suka zaɓi Liege & Lief a matsayin faifan gargajiya da ya fi ko wane tasiri.

9. Kammalawa

In aka duba tarihin nan daga farko za a ga sarƙa ce mai zobe uku, kuma in aka cire ɗaya sauran ba su riƙe. Ba don Child da Sharp da irinsu ba, da Hutchings ya je laburare ya tarar da kanta wofi, gama tsofaffin da suka riƙe waƙoƙin sun daɗe da mutuwa. Ba don Boyd da Blackwell da Peel ba, da an kori samarin tun faifansu na fari, ko a hana su waƙar minti 11. Ba don kuma samarin sun yi ƙarfin halin taɓa abin da aka ajiye ba, da waƙoƙin sun ci gaba da zama kayan malamai da 'yan kulob kaɗan.

Akwai hasara a cikin abin, ba a musu. Salon tsohon da ke rerawa shi kaɗai ba kiɗa, yana jan layi yadda ya ga dama, bai dawo ba, kuma mutane da yawa sun ɗauka ruwayar Fairport ta Matty Groves ita ce waƙar, alhali ɗaya ce cikin ruwayoyi masu yawa. Faifai yana daskarar da waƙa kamar yadda littafi ke yi. Malamin da ke koyar da adabin baka ya kamata ya riƙe wannan, ya nuna wa ɗalibansa ruwaya fiye da ɗaya, ya kuma bambance musu aikin mai ajiya, wanda amanarsa ita ce ya rubuta abin da ya ji ba ƙari ba ragi, da aikin mai rerawa, wanda ba a taɓa hana shi sauyawa ba. Kuskuren makarantun Ingila shi ne sun gama ayyukan biyu a hannu guda, suka sauya waƙar a ɓoye, sa'an nan suka ce ita ce ta asali, kada kowa ya taɓa.

A Cropredy al'ada ta zama a rufe taro da waƙa biyu. A kan yi Matty Groves, dubban mutanen da ba su taɓa buɗe littafin Child ba suna bin baitocinta da ka. Sa'an nan a yi Meet on the Ledge, wadda Thompson ya tsara yana saurayi, jama'a suna rera ta don tunawa da Lamble da Denny, da Swarbrick wanda ya rasu a 2016, da nasu mamatan. Ɗaya ta haura shekara 300, ɗaya ta fito a faifai a farkon 1969, amma a bakin masu rerawa a filin nan dukansu gado ne.